Zanen Habasha: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ke Jikin Bango

In ka ce wa Bahaushe Habasha, abin da zai fara zuwa masa shi ne Najashi da hijira ta farko. Daga nan sai Bilal, sai gahawa, sai dogayen mutanen nan masu cinye gasar gudun famfalaƙi, sai kuma jirgin Ethiopian Airlines da ke sauka a Kano. Zane ba ya cikin lissafi. Wanda ya ɗan leƙa ƙasar kuwa, ko ya kwana a filin jirgin Bole yana jiran canjin jirgi, yakan dawo da hoto guda a ka: fuskoki zagayayyu masu dara-daran idanu, launin ja da rawaya, mala'iku da fukafukai. Shi ke nan an yi wa zanen ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 kuɗin goro. Na tattaro maganganun da aka fi yi a kan wannan zane, daga bakin baƙi da kuma bakin Habashawan kansu, don a auna su da abin da tarihi ya tabbatar.

“Turawa ne suka koya musu zane.”

Jita-jita. A wani gidan ibada na sufayen Kirista da ake kira Abba Garima, kusa da garin Adwa, akwai littattafan Linjila na fata masu ɗauke da zane-zane kala-kala. Da aka gwada shekarun fatar a ɗakin binciken kimiyya, sai aka tarar an yi su ne tsakanin ƙarni na 4 da na 7 Miladiyya, wato suna cikin tsofaffin littattafan Kirista masu zane da suka rage a duniya. Sufayen wurin sun ce a yini ɗaya Abba Garima ya rubuta su, aka tsayar masa da rana har ya gama. Wannan tasu ce, amma tsufan littattafan ba ya buƙatar a yarda da ita.

Mu ma muna da shaida a namu littattafan. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ummu Salama da Ummu Habiba, Allah ya ƙara musu yarda, sun ba da labarin wata coci da suka gani a Habasha mai hotuna a cikinta. Hadisin ya zo ne a babin gargaɗi, kuma wannan fagen malamai ne. Abin da na ɗauko a ciki shi ne shaidar tarihi: a farkon ƙarni na 7, lokacin da Musulmi suka tsallaka Bahar Maliya neman mafaka, sun iske masu zane suna aikinsu.

Sai dai kada mai kishin Habasha ya yi saurin tafi, domin akwai tagwayen wannan jita-jita, wato cewa zanen nasu tsantsa ne, babu hannun kowa a ciki. Ita ma ƙanzon kurege ce. Wani mutumin Venis mai suna Nicolò Brancaleon ya isa Habasha wajen 1480, ya zauna kusan shekara 40 yana zane a coci-coci, har tawagar Fotugal da ta zo a 1520 ta same shi a can. Kafin zuwansa akwai Fre Seyon, ɗan ƙasa, wanda ya yi suna a zamanin sarki Zara Yaqob. Daga baya limaman Katolika na ɗarikar Jesuit suka shigo da bugaggen hoton Nana Maryamu da ke wata tsohuwar coci a birnin Rum. A shekarun 1630 sarki Fasiladas ya kori limaman, amma hoton ya zauna daram, masu zane suka yi ta kwaikwayonsa suna canja masa kama har ya koma ɗan gida. Yau in ka nuna wa mutum shi, zai rantse maka babu abin da ya fi shi zama na Habasha.

“Duk zanensu na coci ne.”

Da gaskiya ce, ko kusa da gaskiya. Ƙarnoni da dama coci da fada ne ke ba da aikin zane, mai zanen ma galibi malamin coci ne. Amma an wuce nan tun tuni. Agegnehu Engida ya yi karatun zane a Faris daga shekarun 1920, ya dawo yana zana mutane kamar yadda ido ke ganinsu. A 1958 Alle Felege Selam, wanda ya yi nasa karatun a Chicago, ya buɗe makarantar koyon zane ta Addis Ababa, wadda yanzu ke ɗauke da sunansa a ƙarƙashin Jami'ar Addis Ababa. Da wuya ka kira sunan wani shahararren mai zane a ƙasar da bai ratsa ta wannan makaranta ba, ko a matsayin ɗalibi ko malami.

Wanda ya fi kowa suna a wancan zamani shi ne Afewerk Tekle. A 1947 aka tura shi Ingila ya karanto injiniyancin haƙar ma'adinai, yaro ya ɓuge da zane, ya dawo gida a 1954. Shi ya tsara tagogin gilashi masu launi na zauren Africa Hall, masu faɗin murabba'in mita 150, da ke ba da labarin Afirka a kashi uku: wahalar jiya, gwagwarmayar yau, da fatan gobe. A wannan gini ne shugabanni suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a watan Mayun 1963, cikinsu har da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani. Afewerk ya ga mulkin Haile Selassie, ya ga na soja, ya ga wanda ya biyo baya, duk yana zaune a gidansa na Addis Ababa har ya rasu a 2012. Masu yabonsa na cewa hikima ce. Masu sukarsa na cewa ya iya zama da kowace gwamnati. Ina ganin dukkansu ba su yi ƙarya ba.

“Ba a nuna cikakkiyar fuskar mugu.”

Wannan kam gaskiya ce, ko da yake ba kowane mai zane ne ya bi ƙa'idar sau da ƙafa ba. A al'adar zanen coci, mutumin kirki yakan fuskanci mai kallo da idanu biyu, mugu kuwa a gefe ake nuna shi, ido ɗaya kawai ake gani. Da aka zo zana yaƙin Adwa na 1 ga Maris 1896, inda dakarun Menelik na Biyu suka ragargaji sojojin Italiya, sai aka ɗauko ƙa'idar aka ɗora. Habashawa na kallonka gaba da gaba, Italiyawa a karkace, sarauniya Taytu na cikin fage, a sama kuma ga waliyyi Giyorgis bisa farin doki yana taya nasa. Akwai irin wannan zane a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka yi a shekarun 1940. Wato mai kallo ba ya buƙatar a gaya masa wa ke da gaskiya a yaƙin, fuska ta riga ta yanke hukunci.

Shi ya sa aikin Dawit Abebe, wanda aka haifa a 1978, yake da nauyi ga wanda ya san wannan al'ada. Yana da jerin zane da ya sa wa suna Jerba, ma'ana baya a harshen Amharik. Mutanen ciki duk sun juya maka ƙeya, kuma a ƙarƙashin fentin ya manna tsofaffin takardun makaranta. A ƙasar da ake gane na kirki da mugu ta fuska, shi ya hana ka fuskar ɗungurungum, ya bar ka da tambayar ko su wane ne waɗannan, kuma me aka koya musu a waɗancan takardu.

“Zanen labarin sarauniya Bilkisu da ake sayarwa a kasuwa daɗaɗɗe ne.”

Labarin tsoho ne, salon sabo. Habashawa na kiranta Makeda, kuma littafin Kebra Nagast na ƙarni na 14 ya kawo ziyararta wurin Annabi Sulaiman da haihuwar Menelik na Farko. Amma zanen da ake rarraba labarin gida-gida a kan ƙyalle ɗaya, sau da yawa gida 44, a farkon ƙarni na 20 ya yaɗu a Addis Ababa, kuma baƙi ne manyan masu sayensa: jakadu, 'yan kasuwa, matafiya. Baƙo ya zo neman abin gargajiya, mai zane ya lura da abin da baƙo ke so.

“Zanen da bai yi kama da komai ba shirmen Turawa ne.”

A nan gizo ke saƙar, domin wannan ba maganar baƙi ba ce, Habashawa ne da kansu suka yi ta, kuma suka jefi ɗaya daga cikin manyan gwanayensu da ita.

Gebre Kristos Desta ɗan Harar ne, an haife shi a 1932, mahaifinsa malamin coci ne mai rubuta littattafai da ƙawata su. Ya yi karatu a birnin Kolon na Jamus, ya dawo a 1962 yana koyarwa a makarantar Alle. Da ya baje kolin aikinsa a 1963, sai aka yi masa ca: wannan ba zanenmu ba ne, ya kwaso na Jamusawa. Alhali ɗaya daga cikin fitattun ayyukansa, Golgotha, hoton gicciye ne, abin da masu zanen Habasha suka shafe ƙarnoni suna yi, sai dai shi ya bar siffar jiki ta narke cikin jan fenti kamar jini. Ya samu lambar yabo ta Haile Selassie a 1965, amma tsegumin bai mutu ba. Ya bar ƙasar a 1978 zamanin soja, ya rasu a 1981 a wani ƙaramin gari mai suna Lawton a jihar Oklahoma ta Amurka, yana ɗan gudun hijira. Sai a 2008 aka buɗe gidan adana zanen zamani da sunansa a Addis Ababa. Wanda aka ce ba na gida ba ne, yau shi ake kai baƙi su gani.

Abin da masu sukar suka manta, ko suka ƙi tunawa, shi ne Habasha na da nata tsohon zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai. Bahaushe zai gane shi nan take, don laya ce. Malaman da ake kira dabtara sukan yanka akuya ko tunkiya, su jeme fatar, su yanka ta daidai tsawon mai neman magani, su rubuta addu'o'i da harshen Ge'ez, su zana taurari masu kusurwa takwas da gidaje-gidaje da idanu masu zuru, waɗanda aka ce su ke korar aljani. A naɗe a sa cikin kube na fata a rataya. Suna kiran abin kitab, zanen cikinsa kuma talsam, kalmar da tushenta ɗaya da ɗalasimai na Larabci. Har hatimin Annabi Sulaiman suna ambata. Manyan coci ba su cika son wannan sana'a ba, kamar yadda wasu malamanmu ke kallon masu ba da laya a karkace, amma talakawa ba su fasa zuwa ba.

Daga wannan rijiya Skunder Boghossian ya sha. An haife shi a 1937, kakansa Ba'armeniye ne da ya zauna a Habasha. Ya yi Landan, ya yi Faris, ya yi cuɗanya da masu rajin farfaɗo da martabar baƙar fata, sannan ya juyo ya dubi layun garinsu. Zanensa cike yake da ɗige-ɗige da tsuntsaye da idanu da dogayen siffofi irin na naɗaɗɗiyar fata. A tsakiyar shekarun 1960 babban gidan zanen zamani na New York ya sayi aikinsa, abin da ba a saba yi wa ɗan Afirka ba a lokacin. Shekara uku kacal ya koyar a Addis Ababa, daga 1966 zuwa 1969, amma har yau ana ganin sawunsa. Zerihun Yetmgeta yakan jera siraran fatu da gora a kan firam irin na masaƙa ya yi zane a kai, ka ga kamar an shanya layu a rana. Wosene Worke Kosrof, da ke zaune a Kalifoniya, haruffan Amharik ya mayar kayan aikinsa: ya ja wannan, ya karya wancan, ya kifar da wani, har mai karanta harshen ya kasa karantawa, ya koma kallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ya san harafi na iya zama ado.

Hukunci: jita-jita ce. Sun koyi dabaru a Turai, babu musu, amma kayan da suka zuba a ciki daga gida suka ɗebo.

“Mulkin Derg ya kashe zane.”

Rabi da rabi. Sojojin da suka hamɓarar da Haile Selassie a 1974 suka yi mulki har 1991, wato Derg, sun rungumi gurguzu, suka ce zane sai ya yi wa juyin juya hali hidima. Aka koma zana manomi da lauje, ma'aikaci da guduma, manyan hotunan Marx da Engels da Lenin a dandalin Meskel. Wanda ke zanen da ba a gane kansa ya zama abin zargi, da yawa suka tsere.

Amma gwamnatin ta tura ɗalibai Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai, inda ake horar da mutum zanen jikin ɗan Adam kamar ana horar da likita. Tadesse Mesfin ya yi karatu a makarantar Repin ta Leningrad, ya dawo ya shafe shekaru yana koyarwa. Da iskar ta canja, sai ya juya ga matan kasuwa, yana zana su dogaye, tsaye kamar ginshiƙai, da tallarsu a gaba. Cikin ɗalibansa akwai Tesfaye Urgessa, haifaffen 1983, wanda ya ƙaro karatu a Stuttgart, kuma shi ya wakilci Habasha a 2024 lokacin da ƙasar ta buɗe rumfarta ta farko a babban bikin baje kolin zane na Venis. Jikkunan da yake zanawa a murɗe suke, hannun wannan a kafaɗar wancan, ƙafa ba ka san ta wa ba, suna zaune a ɗaki kamar masu jiran a kira sunansu a ofishin shige da fice. Sai wanda ya ƙware a zana jiki daidai yake iya murɗe shi haka, kuma wannan ƙwarewa ta bi ta Leningrad kafin ta iso gare shi.

“Ba a taɓa yi musu mulkin mallaka ba, don haka zanensu na alfahari ne kawai.”

Farkon maganar ana iya kare shi, ƙarshenta ba ya tsayuwa. Italiya ta mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941. A watan Fabrairun 1937, bayan an kai wa gwamnanta Graziani hari, an yi kwana uku ana kashe mutanen Addis Ababa, dubbai suka mutu. Kafin nan, a 1868, sojojin Birtaniya sun fasa Maqdala, sarki Tewodros ya kashe kansa, aka kwashe ɗaruruwan littattafai da kayan coci, da yawansu suna Landan har yanzu. Ɗalibin zane a Addis Ababa da ke son ganin wasu daga cikin mafi kyawun ayyukan kakanninsa sai ya nemi biza.

Ga yunwar yankin Wollo da gwamnatin sarki Haile Selassie ta yi ƙoƙarin rufewa, wadda Eshetu Tiruneh ya zana a 1974, jerin mutane ƙashi da fata suna tafiya. Ga kisan gillar da aka yi wa matasa a ƙarshen shekarun 1970, wanda ake kira Jan Ta'addanci. Kebedech Tekleab tana ɗalibar zane ta gudu daga wannan bala'i, ta faɗa hannun dakarun Somaliya, ta yi kusan shekara 10 a tsare, sai bayan an sako ta ta ƙarasa karatu a Jami'ar Howard, inda Skunder ke koyarwa. Wendimagegn Belete, cikin matasan yanzu, yakan tattaro tsofaffin wasiƙu da taswirori da hotunan zamanin yaƙin Italiya, ya manna su, ya bi su da fenti, wani wuri ya rufe, wani wuri ya bari a gani.

Shi kansa alfaharin ba kowa ya yarda da shi ba. Menelik da ake zanawa gwarzon Adwa, a wurin Oromo da yawa da mutanen kudu shi ne wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi, har an gina abin tunawa a Aanolee cikin yankin Arsi a 2014 saboda waɗanda aka ce dakarunsa sun yanke wa gaɓoɓi. Kuma ƙidayar 2007 ta nuna kusan kashi 34 cikin 100 na 'yan ƙasar Musulmi ne. Duk da haka in ana maganar “zanen Habasha” a littattafai, coci da fadar sarakunan tsaunukan arewa ake nufi, kwafe-kwafen Alƙur'ani na Harar da adon gidajenta sai a tura su babin sana'ar hannu. A ganina wannan giɓi ya fi duk jita-jitar da na lissafa girma.

“Masu zanen Habasha sun yi kuɗi, ga Julie Mehretu nan.”

An sayar da wani zanenta dala miliyan 10.7 a gwanjon Sotheby's na New York a watan Nuwamban 2023, farashin da babu wani haifaffen Afirka da ya taɓa kaiwa a lokacin. Wannan gaskiya ne. Amma kuɗin gwanjo aljihun wanda ya mallaki zanen yake shiga, kuma ita Mehretu, ko da yake a Addis Ababa aka haife ta a 1970, iyayenta sun fita da ita a 1977, a Michigan ta girma. Zanen da aka saya ma a kan birnin New Orleans ne bayan guguwar Katrina. Ba ta yar da garinsu ba, ta kai aikinta Addis Ababa a 2016, aka baje shi a gidan da ke ɗauke da sunan Gebre Kristos. Sai dai auna mai zanen da ke haya a unguwannin Addis Ababa da ma'auninta zalunci ne. Shi har yanzu yawancin masu sayen aikinsa baƙi ne da 'yan ƙasar mazauna waje, kuma wuraren da ke fitar da aikinsa kasuwar duniya, irin su Addis Fine Art da aka kafa a 2016, ba su da yawa.

In Allah ya sa jirginka ya yada zango a Addis Ababa kuma kana da yini guda, ka je gidan tarihi na ƙasa. Kowa ƙasa yake sauka ya ga kwafin ƙasusuwan Lucy, wadda su suke kira Dinkinesh, ya ɗauki hoto ya fita. Kai in ka gama da ita, ka hau bene, a can zanen yake.